Zuwa Ƙaramin Tsibiri a Yankin Zafi: Yadda Ake Shirya Jirgi, Kuɗi, Kaya da Lafiya

Tsibirin da muke nufi a nan shi ne wanda za ka iya zagayewa da keke kafin rana ta take, mai tashar jirgi ɗaya da ƙaramin asibiti ɗaya, wani ma babu mota ko guda a cikinsa. Wuri ne mai daɗin zama, amma abu biyu ne ke juya duk wanda ya sauka. Na farko teku, don shi ke yanke hukuncin ko jirgi zai tashi yau ko sai gobe. Na biyu kuwa, duk abin da ka gani a shago, daga ruwan gora zuwa farasitamol, a jirgi aka kawo shi, in ya ƙare sai a jira jirgi na gaba. Duk shawarar da ke tafe daga waɗannan biyun ta fito.

Ka fara shiri daga ranar komawa

Yawancin matafiya sukan sayi tikitin babban jirgi tukuna, sannan su nemi yadda za su ƙarasa. Ka juya lissafin. Ɗauki takarda ka rubuta kowane zango da ke tsakanin ɗakin da za ka kwana da filin jirgin saman ƙasa da ƙasa. Misali, mai zuwa tsibirin La Digue a ƙasar Seshel zai sauka a Mahé, tsibirin da babban filin jirgin yake, ya hau jirgin ruwa na kusan awa ɗaya zuwa Praslin, ya sake hawa wani na minti 15. Zango uku ke nan, kowanne da lokacinsa, kuma ba wanda zai jira ɗan'uwansa.

Zangon ƙarshe shi ya fi rauni, shi za ka fara bincikawa. A Maldibs, jiragen sama masu sauka a kan ruwa da rana kawai suke aiki, saboda haka wanda babban jirginsa ya sauka da yamma liƙis sai ya kwana kusa da Malé, babban birnin ƙasar. Jiragen fito na gwamnati a can ba sa aiki ranar Juma'a, wasu hanyoyin kuma sau biyu ko uku ake bin su a mako. Kafin ka biya ko sisi, ka tura wa masaukinka saƙo a rubuce da tambayoyi huɗu: waɗanne ranaku jirgi ke zuwa, ƙarfe nawa na ƙarshe ke tashi, a wane wata aka fi soke tafiya saboda iska, kuma in an soke wace hanya ta rage. Masauki na gari zai amsa dalla-dalla. Wanda ya ce maka "ba matsala" ya yi shiru, ka sake tambaya.

Ƙa'idar da ba mu sassautawa ita ce, daren ƙarshe ka kwana a tsibirin da filin jirgin yake. Tikitin jirgin ruwa da na jirgin sama kamfanoni daban ne suka sayar maka, in igiyar ruwa ta hana ka tsallakowa babu kamfanin jirgin saman da zai ɗauki asarar. Kwana ɗaya a otal mai sauƙi bai kai kuɗin sabon tikiti ba ko kusa. In dole ne ka tsallako a ranar tafiya, ka hau jirgin farko na safe, wanda akwai aƙalla wani guda bayansa. Da safe ma teku ya fi kwanciya, iska takan taso ne bayan rana ta ɗaga.

Wata da iska

Mutane kan tambayi lokacin ruwan sama su manta da iska, alhali ita ta fi ɓata tafiya. Ruwan yankin zafi yakan zubo da ƙarfi awa ɗaya ya ɗauke, amma iska takan yi kwanaki tana hura gefe ɗaya na tsibiri.

Lokutan mahaukaciyar guguwa sanannu ne. A Karibiyan da sauran Tekun Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. A kudancin Fasifik da kudu maso yammacin Tekun Indiya, inda Moris take, daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Tsibiran da ke daf da layin da ya raba duniya biyu ba su cika ganin guguwar ba, domin juyawar duniya a wurin ba ta isa ta murɗa iska ta zama guguwa. Su nasu lissafin na iskar shekara ne. A Maldibs iskar kudu maso yamma ke kawo ruwa daga Mayu zuwa wajen Oktoba, rani kuma daga Disamba zuwa Afrilu. A Seshel iskar kudu maso gabas da ke hurawa daga Mayu zuwa Satumba takan sa tsallakawa tsakanin Mahé da Praslin ya yi jijjiga, ta kuma tara ciyawar teku a gaɓar da ke fuskantarta. A Zanzibar babbar damina daga Maris ce zuwa Mayu.

Amfanin sanin wannan shi ne zaɓen gefe. Ka buɗe taswira, ka gano daga ina iska ke zuwa a watan da za ka je, ka kama ɗaki a ɗaya gefen. Tsibiri mai faɗin kilomita biyu kan kasance da ruwa lumui a yamma, gabas kuwa ana ta tafka igiya.

Takardu

Fasfo ya zama da sauran wata 6 aƙalla, da shafuka biyu da ba a buga komai ba. Ƙananan ƙasashen tsibiri sukan tsananta wajen neman tikitin komawa da shaidar masauki, kuma tun a wurin shiga jirgi ake tambaya. Wasu suna da fom na intanet: Maldibs na son a cike na IMUGA cikin awa 96 kafin isowa, Seshel na son izinin shiga da ake nema kafin a taso. Ka duba ko ƙasar da za ka yada zango tana buƙatar bizar wucewa, musamman in tikitinka biyu ne daban, don a nan sai ka fita ka karɓi kaya ka sake shiga.

Wanda ya taso daga ƙasar da ake samun zazzaɓin shawara, ko ya daɗe a filin jirginta, za a iya neman katin rigakafinsa. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na tsawon rai.

Inshora kuwa, layi ɗaya za ka nema a cikin takardar: kwashe majinyaci zuwa babban asibiti. Asibitin ƙaramin tsibiri zai ɗinke rauni ya ƙara ruwa, amma karaya mai tsanani ko ciwon zuciya sai an fita da mutum a jirgi, wannan ne kuɗin da ke karya mutane. Karanta abin da aka cire. Inshora da yawa ba sa biyan hatsarin babur in ba ka da lasisin tuƙa shi ko ba ka sa hular kwano ba, wasu ba sa biyan hatsarin nutso da tukunyar iska. Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta tun Oktoban 2024, ko da suna da wata. Ka buga duk takardun nan a takarda, ka ajiye hotonsu a waya ta yadda za su buɗe ba intanet.

Zaɓen ɗaki

Hoto ba ya nuna abin da ke hana barci. Tambayi daga ina wuta take zuwa, in janareta ne ƙarfe nawa ake kashewa, kuma ina yake da ɗakinka. Tambayi ruwan wanka: a tsibirai da yawa na rijiya ne mai ɗan gishiri, ko na sama da aka tara, ko na teku da aka tace da inji. Tambayi ko tagogi na da raga ko akwai gidan sauro. Ɗakin da iska ke ratsawa ta taga biyu da fanka ya fi ɗakin da ya dogara ga na'urar sanyaya ɗaki kaɗai, domin in wuta ta ɗauke ɗakin na'urar ba ya zaunuwa.

Sai nisan tashar jirgi. A tsibiran Gili na Indunusiya babu mota babu babur mai fetur, keke ne da keken doki da ƙafa. Akwati mai taya ba ya tafiya a rairayi, jansa za ka yi ta yi. Jakar goyo ko jakar hannu mai laushi ta fi.

Kuɗi

Ka ɗauka cewa na'urar cirar kuɗi ɗaya ce, kuma ranar da ka je za ta iya zama ba kuɗi ko ba sabis. Ka ciri kuɗin ƙasar a babban tsibiri kafin ka tsallaka. Lissafinsa: abin da za ka kashe a rana sau yawan kwanakinka, ka ƙara na kwana biyu saboda jirgi na iya makalewa, ka ƙara kuɗin jirgin komawa ka ware shi a ambulan da ba ka taɓawa. Nemi ƙananan takardu, mai kwale-kwale ba ya yawo da canji. In dala ka riƙo, ta zama sabuwa ba yagewa ba rubutu, masu canji kan ƙi tsohuwa.

Inda ake karɓar kati, sau da yawa ana ɗora wani kaso a kai, ka tambaya kafin a saka. In na'urar ta ba ka zaɓi tsakanin kuɗin ƙasar da kuɗin katinka, zaɓi na ƙasar, canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada. Kati biyu na bankuna daban, a jaka daban.

Kaya

Ƙananan jirage suna auna kaya da gaske, wasu har fasinja suke ɗorawa a sikeli don daidaita nauyi. A jiragen da ke sauka kan ruwa a Maldibs abin da aka saba shi ne kilo 20 da jakar hannu ta kilo 5, ƙasa da abin da babban jirgi ya bari. Ka shirya kaya da ma'aunin ƙaramin jirgin.

Abin da ya fi komai amfani shi ne jakar roba mai hana ruwa shiga, mai cin lita 10 zuwa 20, irin wadda ake naɗe bakinta sau uku a ɗaure. Fasfo, waya, kuɗi, magani da caja su shiga ciki duk lokacin da za a hau ruwa. A wurare da yawa babu gadar sauka, kwale-kwale kan tsaya ne a ruwa iya gwiwa a ce kowa ya diro, kayan kuma a miƙo su hannu da hannu. Ka sa wandon da za ka iya naɗewa da takalmin da ba ya jin ruwa.

Tufafi kaɗan marasa nauyi masu saurin bushewa. Laimar iska a tsibiri tana da yawa, wandon jins da ya jiƙe zai kwana biyu bai bushe ba, ya fara wari. Riga mai dogon hannu guda biyu, ɗaya ta shiga ruwa ɗaya ta yamma saboda sauro. Hula mai faɗi mai igiya, tabarau mai tare hasken rana, takalmin ruwa mai tafin roba mai kauri. Tocila ta goshi, domin kusa da layin da ya raba duniya biyu rana kan faɗi wajen ƙarfe 6 duk shekara, duhu ya rufe cikin ɗan lokaci, hanyoyin kuma ba fitila.

Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ba a saka shi a kayan da ake miƙawa a kai ɗakin kaya na jirgi. Iyakar da aka saba bari ba tare da izini ba ita ce 100Wh, mai 20,000mAh kuwa wajen 74Wh ne, bai kai iyakar ba. Duba irin soket ɗin ƙasar ka sayi mahaɗinsa. Sauke taswirar tsibirin a waya tun kana da intanet mai ƙarfi.

Magungunan da kake sha kullum ka riƙo na duk kwanakin da ƙarin mako guda, a kwalinsu na asali, tare da takardar likita. Jakar taimakon gaggawa ta ƙunshi farasitamol, gishirin zawo, maganin jiri na tafiya, maganin ƙaiƙayi, ruwan wanke rauni, filasta mai jure ruwa, bandeji da hantsaki.

A cikin jirgin ruwa

Maganin jiri ana shansa ne minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a tashi, in amai ya riga ya fara ba ya zama a ciki. Yana sa barci, kada ka tuƙa babur bayansa. Ka ci abu kaɗan mara maiƙo, ciki wayam ma yana tayar da zuciya. A babban jirgi zauna a tsakiya, a hawa na ƙasa. A ƙaramin jirgi mai gudu zauna can baya, don gaba ne ke ɗagawa ya doki ruwa, kuma wannan dukan yana iya taɓa ƙashin baya. Kafa ido a inda sama ta haɗu da teku, ajiye waya.

Kafin a kunna inji ka ga rigar ceto da idonka, ka sa, ka ɗaure ta yadda in an ja kafaɗarta sama ba za ta wuce kunnenka ba. Yara su sami daidai jikinsu. In ka ga an cika jirgi har ruwa ya kusa bakinsa, ko babu rigunan, ko za a yi doguwar tafiya da dare ba fitila, ka sauka, ko da ka biya. Haka nan in matuƙi ya ce yau ba ya fita, kada ka je neman wanda zai yarda saboda ƙarin kuɗi. Ya ga abin da ba ka gani ba.

Karatun ruwa

Nan ne ya kamata mai karatu ya fi nutsuwa, domin ruwan da ya yi garau har kana ganin ƙasansa shi ya fi yaudarar baƙo.

Teku na cika ya janye, a yawancin wurare sau biyu a yini, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Cikar ta fi girma a lokacin jaririn wata da lokacin da wata ya cika. A gabashin Zanzibar ruwa kan janye nesa ƙwarai har mutum ya yi ta tafiya a kan rairayi. Hatsarin yana wajen dawowarsa: cikar takan ɗauki kusan awa shida, tana farawa a hankali, amma a awa ta uku da ta huɗu rabin ruwan gaba ɗaya ke shigowa. Wanda ya taka zuwa wani tudun rairayi ya zauna, sai ya waiwaya ya ga hanyar da ya bi ta zama ruwa iya ƙirji. Ka nemi jadawalin cika da janyewa a masauki ko a waya, ka fita awa ɗaya kafin ruwa ya gama janyewa, ka juyo da zarar ya fara dawowa.

Sai ruwa mai ja. Igiyoyi suna turo ruwa gaɓa, shi kuma yana neman hanyar komawa ta wata siririyar kafa, da gudun da wani lokaci ya fi na gwanin iyo. Alamarsa ita ce wani fili da ya yi duhu ya kwanta tsakanin igiyoyi masu fashewa, kumfa da ganye suna tafiya ciki maimakon gaɓa. Wurin da ya fi kama da mai lafiya shi ne wanda za ka guje wa. In ya ɗauke ka, ba ya jan mutum ƙasa, nesa yake kai shi. Kada ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Kwanta rigingine ka huta, ɗaga hannu ɗaya, sannan ka yi iyo a gicciye, daidai da tsawon gaɓa, har ka fita daga kafar. A tsibiran da duwatsun murjani suka kewaye, irin wannan jan yana faruwa a ƙofar da ruwa ke fita ta cikinta lokacin janyewa. Ka tambayi masunta ina ƙofar take tun ranar farko.

Wanda bai iya iyo ba zai iya kallon kifi da tabaran ruwa da bututun numfashi, amma da rigar ceto, da jagora, a inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Ba a shiga ruwa mutum ɗaya, gwani ko ɗan koyo. Yaro kuma kada ya wuce inda hannunka zai kai.

Halittun ruwa ba sa neman mutum, taka su ake yi. A ruwa mara zurfi ka riƙa jan ƙafa a rairayi maimakon ɗagawa, kifin nan mai faɗin jiki da ƙaya a wutsiya zai ji motsi ya gudu. In shi, ko bushiyar teku, ko kifin da ke kwance tamkar dutse ya soke ka, tsoma wurin a ruwan zafi iya wanda fata za ta jure, wajen digiri 45, na minti 30 zuwa 90, zafi na rage raɗaɗin dafin, sannan a tafi asibiti. Wani ya fara gwada ruwan da hannunsa, don mai ciwon ba zai ji yana ƙonewa ba. Harbin jelifish, halittar nan mai jiki kamar leda da dogayen zare masu dafi, ba a murza shi, ba a zuba masa ruwan sha, domin hakan na sa sauran ƙwayoyin dafin su fashe. A wanke da ruwan teku, a cire zaren da hantsaki. Ga nau'in mai siffar akwati, wanda ya fi haɗari, ruwan khal ake kwarara wa wurin na daƙiƙa 30 aƙalla. In numfashi ya fara wuya, gaggawa ce. Kada ka ɗauki katantanwar teku mai siffar mazurari da kyakkyawan zane, tana harbi, kuma dafin wasu na kisa.

Yankan murjani kan yi kamar ƙwarzane ne kawai, amma yana saurin ruɓa a zafi da laima. Wanke shi nan take da sabulu da ruwa mai tsabta, ka goge har ɓarɓashin ya fita, ka sa magani, ka bar shi a bushe. In ja ya fara yaɗuwa ko zazzaɓi ya zo, sai likita.

Mai nutso da tukunyar iska kada ya hau jirgin sama sai bayan awa 12 in nutso ɗaya ya yi, awa 18 in ya yi da yawa, masu koyarwa da dama ma awa 24 suke cewa. Iskar da ta narke a jini tana zama kumfa in matsin iska ya ragu.

Rana, ruwan sha, sauro da kifi

Baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman kafaɗa, hanci, bayan wuya da bayan ƙafa ga mai kifa ciki a ruwa. Farin rairayi da ruwa suna mayar da hasken, gajimare kuma ba ya tare shi duka. Man kare fata mai lamba SPF 30 ko sama, kusan mililita 30 ga jikin babba, minti 15 kafin fita, a sake duk awa biyu da bayan fitowa daga ruwa. Riga mai dogon hannu ta fi man aminci. Duba abin da ke cikin man: ƙasar Palau ta hana masu cutar da murjani tun Janairun 2020, jihar Hawai ta Amurka ta hana sayar da masu sinadaran oksibenzon da oktinoksat tun Janairun 2021. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a nemi inuwa, amma ba ƙarƙashin bishiyar kwakwa mai 'ya'ya ba. A Karibiyan akwai bishiyar manshinil da ruwanta ke sa fata ta yi bororo, a wasu wurare ana shafa mata jan fenti, ba a fakewa ƙarƙashinta in ana ruwa.

Kada ka sha ruwan famfo sai masauki ya tabbatar an tace shi don sha. In babu na gora, tafasa shi minti ɗaya cur. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki. In zawo ya kama ka kuma gishirin zawo ya ƙare, haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba.

Sauron da za ka kula da shi iri biyu ne, mai kawo denge da mai kawo maleriya. Mai kawo zazzaɓin denge da rana yake cizo, ya fi da sassafe da kafin faɗuwar rana, saboda haka gidan sauro kaɗai bai isa ba. Shafa maganin korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30, man rana a fara shafawa, na sauro a bisa. In zazzaɓi ya zo, farasitamol kawai, ban da asfirin da ibufurofen, don suna ƙara haɗarin zubar jini ga mai denge. Maleriya kuwa ta danganta da tsibirin: an tabbatar Maldibs ta rabu da ita a 2015, Cabo Verde a 2024, amma tana nan a Komoros, Sao Tome da tsibiran Solomon. Ga likita mako 4 zuwa 6 kafin tafiya. In doksisaikilin ya ba ka don kariya daga maleriya, ka sani yana sa fata saurin ƙonewa a rana, kuma ana ci gaba da shansa mako huɗu bayan an baro wurin.

Akwai wata guba, sigwatera, da ke taruwa a jikin manyan kifaye masu farauta a duwatsun murjani, irin su barakuda. Dahuwa ba ta kashe ta, ba ta da wari ba ta da ɗanɗano. Alamarta amai da zawo, ƙaiƙayi, jin tsira-tsira a leɓe, da jin abu mai sanyi yana ƙuna. Kifin da mutanen tsibirin suka ce ba sa ci, kai ma ka bar shi.

Zama da mutanen wurin

Ruwan da kake wanka da shi daga rumbu ɗaya yake da wanda mutanen garin ke sha, ka taƙaita. Shara babbar damuwa ce ga ƙaramin tsibiri, Maldibs sai da ta mayar da wani wuri a teku mai suna Thilafushi tsibirin zubar da shara tun 1992. Batiri, gorar roba da kwalin magani da ka kawo, ka koma da su babban tsibiri. Kayan wanka na bakin ruwa ne, a cikin gari a rufe jiki, wasu tsibiran ma sun keɓe gaɓar da baƙi ke wanka. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum.

Kada ka taka murjani ko ka taɓa shi, dabba ce mai rai, kuma wasu nau'o'in santimita ɗaya ko biyu suke girma a shekara. Kada ka sayi kayan ado na murjani ko na ƙoƙon kunkurun teku, yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa, mai kare halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta hana ko ta taƙaita fitar da su, jami'an kwastan na ƙwacewa har su ci tara.

Ranar da ka isa, tambayi inda ake gudu in an yi gargaɗin tsunami. In ƙasa ta girgiza da ƙarfi ko ta daɗe tana girgiza, ko teku ya janye farat ɗaya ba a lokacinsa ba, kamar yadda aka gani a wasu gaɓoɓi ranar 26 ga Disamban 2004, kada ka jira sanarwa. Hau tudu, in tsibirin shimfiɗaɗɗe ne hau saman ginin kankare mafi tsawo, ka zauna har hukuma ta ce a sauko, don igiya ta biyu kan fi ta farko.

Bayan an dawo

Kwana ɗaya kafin barin tsibirin ka je tasha da ƙafarka ka tabbatar da lokacin jirgi, jadawalin intanet kan tsufa. Wanke takalmin ruwa, zif ɗin jaka da tabarau da ruwa mara gishiri, in ba haka ba gishiri zai cinye su. Denge kan bayyana kwana 4 zuwa 10 bayan cizo, maleriya daga mako guda har zuwa watanni. Duk zazzaɓin da ya zo bayan tafiya, ka je a gwada jini a ranar, ka gaya wa likita sunan tsibirin da ranakun da ka yi a can. In zazzaɓi ya sauka amma ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa ko jini a dasashi suka biyo baya, a koma asibiti nan take.